Asabar, ni da lissafin milimita

Yau kwana tara da sayen kyamarar nan, kuma yau ne na fara jin haushin gilashin gaban kyamara, wato lens, da aka haɗo ni da shi a kwali. Da sanyin safiya wasu tsuntsaye biyu suka sauka a kan bishiyar da ke bayan gida. Na lallaɓa na ɗauko kyamara, na murɗa gilashin har ƙarshe, na danna. Da na duba allo, bishiya ta fito tas, reshe-reshe, amma tsuntsayen kamar ƙudaje biyu a jikin bango. Gilashin 18-55mm ne, ba a yi shi don janyo nesa ba. Laifina ne da na ɗora masa abin da ba aikinsa ba.

Kafin ƙarfe goma na riga na yanke wa kaina hukunci: duk gilashin da lambar milimitarsa ta fi girma shi zan saya, tunda shi ya fi janyo nesa. Idan akwai 300, me zan yi da 250? Da wannan tunanin na je wurin yayana, wanda ya daɗe yana ɗaukar hoto. Bai yi mini gardama ba. Ya buɗe jaka ya miƙo mini wani tsohon gilashi da ke kaiwa 300mm, ya ce, "Je ka wuni da shi, da yamma ka zo mu duba." Na ce, "Yaya, ai wannan shi nake nema." Murmushi kawai ya yi.

Da rana komai ya tafi daidai. Na ɗauki wata mage a kan katanga, har gashin bakinta ana iya ƙirgawa. Amma da rana ta yi sanyi, haske ya ragu, sai abin ya canza. Ina leƙawa ta idon kyamara ina ganin reshe yana rawa, alhali ko iska babu. Hannuna ne. Ban taɓa sanin hannuna na karkarwa haka ba sai yau. Hotuna wajen arba'in na ɗauka, waɗanda za a iya nuna wa mutum ba su wuce biyar ba, sauran duk dishi-dishi.

Yaya ya ja takarda ya yi mini lissafin. Kyamarata Canon ce mai ƙaramar sensa (wato faifan ciki da haske ke sauka a kai ya zama hoto), irin da ake kira APS-C, don haka duk lambar da ke jikin gilashi sai a ninka ta da 1.6 kafin a san faɗin abin da za ta gani idan aka kwatanta da babbar sensa. A Nikon da 1.5 ake ninkawa. Ke nan 300 a wurina kamar 480 ne. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto kuwa ita ce, idan da hannu za ka riƙe, kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza ɗaya bisa wannan lambar, wato wajen 1/500 na daƙiƙa. Muka duba bayanan hotunan yamma: 1/125, wasu ma 1/80. Ya ce, "To ka gani? Gilashin yana janyo tsuntsu, yana kuma janyo rawar hannunka tare da shi."

Nan ne maganar na'urar hana girgiza ta shigo. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata: Canon na rubuta IS, Nikon VR, Sigma OS, Tamron VC. A cikin gilashin akwai wani ɓangare da ke motsawa yana gyara karkarwar hannu. Canon ta fara sa shi a gilashin irin waɗannan kyamarori tun 1995. Wanda ya ara mini ba shi da ita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gargaɗin da ya biyo baya: na'urar hannunka kawai take gyarawa, ba ta tsayar da abin da kake ɗauka. Tsuntsu a zaune, za ta taimake ka. Tsuntsu ya buɗe fiffike, ko yaro yana gudu da ƙwallo, sai dai saurin ƙiftawa, shi kuma haske yake ci.

Haske kuwa shi ne ɗaya lambar da na riƙa tsallakewa, wadda ke farawa da f. Yawancin gilasan masu sauƙi ana rubuta musu f/4-5.6, ma'ana ƙofar haske na ƙara tsukewa yayin da kake janyo nesa, daidai lokacin da ka fi buƙatarta. Shi kuwa 70-200mm f/2.8, wanda ake gani a hannun masu ɗaukar wasanni, ƙofarsa ba ta canzawa, kuma hasken da yake shigarwa ya ninka na f/5.6 sau huɗu. Yaya ya ɗora mini nasa a tafin hannu. Kusan kilo ɗaya da rabi! Na riƙe shi a ido na minti biyu, kafaɗata ta fara magana. Na san halina: abu mai wannan nauyin a jaka zai riƙa kwana, ni kuma in fita da waya. Balle aljihuna ma bai kai can ba.

Na ɗan yi sha'awar irin 18-200 ɗin nan, gilashi ɗaya ya yi maka komai ba sai ka riƙa cirewa kana sawa ba. Ban daɗe a kai ba. Ina da 18-55 a hannu, sayen abin da nake da shi sau biyu bai kwanta mini ba.

Yanzu dare ya yi, takardar lissafin na gabana, na zagaye gilashin Canon EF-S 55-250mm IS STM da biro. Yana farawa daga inda nawa ya tsaya, a kyamarata yana kaiwa kamar 400, yana da na'urar hana girgiza, nauyinsa giram 375 kacal. Aibinsa ɗaya da Yaya ya nanata: gilashin EF-S ba don kyamara mai babbar sensa aka yi shi ba, duk ranar da na canza sai na rabu da shi. Na ce masa mutumin da bai gama karanta littafin kyamararsa ta farko ba, ina shi ina tunanin ta biyu.

Ban mayar masa da tsohon gilashin ba tukuna. Gobe da safe zan jingina gwiwar hannu a kan taga, in sa 1/500, in ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 800, in jira tsuntsayen nan ko za su dawo.