Takardar da za ta fita waje sai ta bi ƙofa-ƙofa

Shagona ɗaki ɗaya ne a Birnin Kebbi: kwamfuta biyu, injin fotokwafi, da wani kabad na ƙarfe da ba na ba kowa makullinsa. A cikinsa takardun mutane ke kwana kafin su kama hanyar Abuja. Akwai sakamakon WAEC da NECO, shaidar digiri, takardar haihuwa, ta aure, wani lokaci har takardar wakilci ta magadan da mahaifinsu ya rasu ya bar dukiya a wata ƙasa. Ni ba lauya ba ne, kuma tun daga bakin ƙofa nake gaya wa mutum haka. Abin da na iya shi ne shirya takarda da sanin ƙofar da za ta fara shiga da wadda za ta ƙare.

A Sakkwato na koyi aikin, wurin wani dattijon lauya, Allah ya jiƙansa, lokacin da tafireta muke bugu. Shi notari ne, wato irin lauyan da Alƙalin Alƙalan Najeriya ke naɗawa ya riƙa shaida sa hannu da kwafin takardu, sunansa kuma yana cikin rajistar Kotun Ƙoli. Shekarata ta farko bai bar ni na taɓa hatiminsa ba ko da wasa. Rula yake miƙo mini, in ɗora ƙarƙashin suna, in karanta harafi-harafi daga ƙarshe zuwa farko, don ya ce ido yana cika gurbin abin da ya saba gani. Ranar da na buga Muhammad da "m" ɗaya a tsakiya, bai yi faɗa ba. Ya yage takardar gida huɗu, ya ce, "Yaro, sake." Shafi shida ne, kuma ana kiran la'asar.

Har gobe sunan nan shi ne rabin aikina. Mu nan mutum ɗaya sai ka same shi da suna uku: makarantar firamare ta rubuta Muhammadu, WAEC ta rubuta Mohammed, fasfo ya zo da Muhammad, sannan a wata takardar an liƙa sunan gari, Bunza ko Jega ko Kamba, a wata kuma babu. A gida kowa ya san shi ne. Ma'aikacin jami'a a Alƙahira ko Madina bai san kakansa ba, takarda kawai yake gani. Sai an yi takardar rantsuwa a kotu, sau da yawa a buga sanarwa a jarida, kafin a ɗaga ƙafa. Ga kuma waɗanda aka haifa kafin 1991, da ba a ƙirƙiri Jihar Kebbi ba: tsohuwar takardarsu ta ce Argungu, Jihar Sakkwato, sabuwa ta ce Kebbi. Duka gaskiya ne, amma gara ka shirya bayaninka tun daga gida.

Hanyar kanta ba a tsallake mata mataki. Notari ya shaida. Idan takardar karatu ce, ta je Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance ta. Daga nan sai sashen shari'a na Ma'aikatar Harkokin Waje, a biya kuɗin gwamnati ta Remita a riƙe rasit. Ƙarshe ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya buga nasa. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ake so, ba katin asibiti ba. Yara masu waya sukan zo suna tambayar "afostil" don sun gani a intanet. Wannan hatimi ɗaya ne da ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar 1961 ta ƙasar Holan ke karɓa a tsakaninsu, Najeriya kuwa ba ta ciki, don haka mu doguwar hanya muke bi.

To, a nan ne masu araha ke shigowa. Wani ya sayi firinta mai kala, ya sa an sassaƙa masa hatimin roba, shi ke nan ya zama mai "tantance takardu", kwana ɗaya an gama. Ta yaya takardar da ba ta ga Kontagora ba za ta dawo da hatimin Abuja? Bara wani Alhaji ya zo da ɗansa da ya samu gurbin karatu a Masar. Na lissafa masa matakan, ya kama haɓa ya ce, "Malam, wanga kuɗi ya yi yawa, ɗan takarda guda?" Na ce, "Alhaji, ba takardar kake biya ba, hanyar da za ta bi kake biya." Ya tafi inda aka yi masa rabin farashi. Bayan wata biyu ya dawo, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya ajiye ambulan a tebur. Jan hatimin ya fi na gaske kyau, wallahi, sai dai lauyan da aka rubuta sunansa a jiki babu shi a duniya. An buga shi kuma a bayan satifiket na asali. Yaron ya rasa shekarar, muka koma neman wata shaidar daga makarantarsa. Ban ce masa "ai na gaya maka" ba, abin da ya same shi ya ishe shi.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ɗalibanmu suka dawo, na yi makonni ina rufe shago bayan isha'i. Kowa yana neman sauya jami'a, wasu takardunsu sun rage a Khartum. A lokacin na fi maimaita wata magana da mutanen bakin iyaka ma ke sha daga bakina: ƙasar da ta ba da takarda ita ke tantance ta. Wanda ya yi aure a Gaya ko aka haife shi a Dosso, takardarsa ta Faransanci hukumomin Nijar ne za su fara buga mata hatimi. Abin da zan iya yi masa a nan shi ne in haɗa shi da mai fassara na ƙwarai. Fassara ma ba na ba kowa. Na Larabci mutum biyu kawai na yarda da su, don na taɓa ganin wanda ya mayar da sakamakon "kiredit" ya zama bashi.

Mai niyyar zuwa ya taho da takardun asali da fasfonsa da wasiƙar da aka aiko masa daga can, don ita ce ke faɗin abin da suke so. Don Allah kada a yi wa satifiket leda mai zafi, tawada ba ta kama roba, ɓare ta kuma yana cire rubutu. A zo da saura wata biyu ko uku, ba ana gobe jirgi zai tashi ba. Ranar Juma'a muna tashi ƙarfe sha biyu.