Muryar Waya

Laraba, Liverpool.

Tun asuba ake yayyafin nan nasu mai kama da wasa, sai ka isa inda za ka ka tarar kana ɗiga. Ƙarfe bakwai na shiga aiki a gidan kula da tsofaffi.

Wata takwas ke nan ina garin nan, har yau kunnena bai gama sabawa da Turancinsu ba. Scouse suke ce masa, wai daga sunan wani romon nama da dankali da ma'aikatan jirgin ruwa ke ci a da. In abokiyar aikina ta ce "chicken", daga maƙogwaro k ɗin ke fitowa, kamar almajiri na karanta "khairun". Tsohon da nake kai wa shayi ya ce kakanninsa na cikin mutanen Ireland kusan 300,000 da suka sauka a tashar jiragen ruwan nan a 1847, lokacin yunwar dankali, kuma su da mutanen Wales ne suka murɗa bakin garin. Ga Manchester nan, ba ta wuce awa ɗaya a jirgin ƙasa ba, amma ko a duhu ka ji su ka san ba gari ɗaya ba ne.

Wajen azahar aka kira daga babban ofis a Landan. Abokiyar tawa ta ɗaga, sai na ji wata mace daban a ɗakin, harshe a miƙe, kamar mai karanta labarai a BBC. Tana ajiyewa maƙogwaron ya dawo. Na zuba mata ido. Ta ce ai wannan muryar waya ce, kowa a nan yana da tasa. In ta yi musu maganar gida, kafin ta rufe baki sun gama yanke mata hukunci: 'yar talakawa ce, karatunta bai yi nisa ba. Amma in ta kuskura ta shiga gidansu da muryar wayar, ƙannenta sai sun yi mako suna kwaikwayonta. Wannan fa matar da ke tsayawa a Anfield, filin ƙwallon ƙungiyar Liverpool, tana ihun su 'yan Scouse ne, ba 'yan Ingila ba.

Na yi dariya, sai dai ba ta kai ciki ba. Shekarar da aka kai ni makarantar kwana a Kano, na shigo aji na tarar da hayaniya, na ce "mi yah hwaru?" Ajin ya fashe. Har na gama makarantar "Hwaru" ake kirana. Kafin hutun farko na wanke Sakkwatanci daga bakina tas, har ina jin kaina na waye.

Bayan isha'i na kira Inna. Ina ta zuba, "yana" nan, "tafi" can, ban ma lura ba, sai ta katse ni.

"Ke ɗiyata, wagga Hausar rediyo hwa? Yi mani magana in san da wa nika magana."

Na yi shiru kaɗan. Na ce, "Lahiya lau nike, Inna. Sanyi dai na."

Muna hira har cajin wayata ya ƙare.