Bugun zuciyar Kawu

Yau a asibiti nan Gusau, likita ya ɗora yatsuna biyu a wuyan hannun Kawu, ya ce in ƙirga. Tsakanin bugu da bugu akwai tazara mai tsawo, har na riƙa jin kamar na gaba ba zai zo ba. Kawu kuwa murmushi yake yi, yana cewa, "Ɗana, kar ka damu, gajiya ce kawai." Likita ya ce akwai wani ɗan dunƙulen ƙwayoyin halitta a saman zuciya ta ɓangaren dama, shi ke kunna wutar da ke sa ta buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Na Kawu ne ya raunana, don haka sai an dasa masa na'urar daidaita bugu, wadda batirinta ke ƙarewa bayan wasu shekaru, a sake buɗe fata a canja.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ce masana sun fara rainon irin waɗannan ƙwayoyin a ɗakin bincike. Tun 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayoyin fatar mutum ƙwayoyin asali masu iya rikiɗa su zama kowane sashe na jiki. A 2017 masu bincike a Toronto suka samar da masu kunna bugun daga ƙwayoyin asali, suka gwada a zuciyar ɓera, ta bi bugunsu. Ikon Allah! Aikin bai kai ga jikin mutane ba tukuna, Kawu ba zai jira shi ba. Ina dai fatan ranar da zai iso, manomi irinsa zai iya biyan kuɗinsa.