Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kwana Goma Sha Tara a Bakin Rumfar Alhaji

A kashin makon jiya na tsaya da labarin a inda aka ƙwace mini babur. Tun 1 ga Fabrairun 2020 aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu sassan Legas, ni kuwa da shi nake ci, da shi nake aika wa Inna kuɗin cefane. Abokan kwanana biyu a Agege suka bi tirelar da ta sauke shanu suka koma gida. Ni na ce ba zan koma hannu rabbana ba.

Kasuwar Mile 12 na nufa, na fara dako. Kwandon tumatir a ka, ruwan ruɓaɓɓen yana bin wuyana har cikin riga. Amma kasa kaya nake so in yi. Na sami wani dillali dattijo, na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, a ba ni kwando ɗaya bashi, in kawo kuɗin da la'asar." Bai ɗaga kai daga carbinsa ba. "Yaro, wa ya san ka? Wa zai tsaya maka?"

Yana da gaskiya, an sha gudu masa da kaya. Washegari bayan asuba na dawo, ban sake maganar bashi ba. Na share rumfa, na zauna ina ware masa fasassun tumatir daga masu kyau. Haka jibi, haka gata. Yaransa suka laƙaba mini "Naci damben kuturu", suna dariya. Wata rana kuka na yi a bayan masallaci, na wanke fuska na koma.

Har yau ina jin zafi idan aka haɗa naci da rashin zuciya. Marar zuciya hannu yake miƙawa ya jira. Ni kullum da aiki nake zuwa, don dattijon nan ya ga halina da idonsa, tunda ba ni da kowa da zai faɗa masa.

Rana ta goma sha tara ya turo mini rabin kwando da ƙafarsa, ya ce, "Ɗana, kada la'asar ta wuce." Tun kafin azahar na damƙa masa kuɗinsa, hannuna na rawa.

Kwana goma kacal na yi ina kasawa, sai ga dokar kullen korona a daren 30 ga Maris, alhali kwando biyu na Alhaji suna hannuna.

Za mu ci gaba mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.