Tarihin Gidajen 'Yan Lambu: Inda Na Kai a Wata na Huɗu

'Yan'uwa masu koyon aikin rubuta tarihin gidaje, yau wata huɗu ke nan da na soma zuwa duk ranar Asabar daga cikin garin Jos zuwa wani ƙauyen 'yan lambu da ke kudu da Bukuru domin rubuta asalin gidajensa, kuma zuwa yanzu na zauna da dattawan gida bakwai daga cikin goma sha ɗaya da na sa a gaba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shekaru. A makonnin farko nakan tambayi dattijo shekarar da kakansa ya zo, sai ya ce an daɗe, ko kuma ya ba ni wani adadi don kada in tashi hannu rabbana. Laifin nawa ne, domin ba da kalanda manomi yake riƙe zamani ba. Da na gane haka, sai na ware shafi guda a bayan littafina na jera abubuwan da aka san shekarunsu: ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya ya iso Jos a 1914 kuma an daina aiki da shi a 1957, ɗiban gwamna, wato kwaso mutane ala tilas zuwa haƙar kuza a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya gudana daga 1942 zuwa 1944, an kashe Sardauna a 1966, an yi canjin hannu a tuƙin mota a 1972, naira kuma ta maye gurbin fam a 1973. Yanzu ba na cewa "wace shekara", sai dai in ce, "Baba, lokacin nan da sule ake ciniki ko da naira?"

Amfanin wannan ya bayyana a makon jiya. Wani dattijo ya daɗe yana gaya mini cewa gidansu ya haura shekara ɗari da hamsin a wurin, amma muna zaune a bakin tafkin da yake ban ruwa daga cikinsa, wanda tsohon ramin kuza ne da ruwa ya cika, sai ya nuna tudun jar ƙasar da ke hayi ya ce a can mahaifinsa ya fara ɗaukar ƙasa da kwano a ka, bayan an kwaso su daga ƙasar Katsina a ɗiban gwamna. Ke nan zaman gidan bai wuce shekara tamanin da 'yan kai ba. Ban musa masa ba, kuma ban ga dalilin yin hakan ba. Na rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, lissafina kuma na sa shi a gefen shafi da jan biro. A ranar ne kuma ya bayyana mini yadda suka farfaɗo da ƙasar da haƙa ta kashe, da tokar juji da suke sayowa daga gari da kashin shanu, da yadda suka bar jigo suka koma injin ban ruwa, har kabeji da karas da latas ɗinsu suka riƙa isa kasuwar Farin Gada da ke Jos.

Wajen jera zuriya kuwa, tsofaffin mata sun fi maza nesa ba kusa ba, domin su ne suka san wadda aka auro daga wane gida da wanda ya sha nonon wa. Sai dai a nan na yi karo da alkunya. Wata tsohuwa ta kawo mini kakanni har hawa huɗu ba tare da gargada ba, amma da muka iso kan mijinta da ɗanta na fari sai ta ja bakinta ta ce, "Ɗan nan, wannan kuma ka tambayi wani." Jikarta ce ta raɗa mini sunayen daga baya. Ku riƙa rubuta laƙabi tare da sunan yanka, domin irin su Nomau da Anaruwa da Azumi suna nuna lokacin da aka haifi mai su.

Giɓin da ya rage babba ne. Yawancin filayen nan aro ne ko haya daga iyalan Birom da ke maƙwabtaka, waɗansu tun zamanin kakanni, kuma kawo yanzu ɓangare ɗaya kawai na ji. Mai unguwa ya yi alkawarin haɗa ni da wani dattijonsu a Asabar mai zuwa bayan an tashi daga cirar karas, kuma tambayar farko da na tanada ita ce abin da ake shukawa a wurin kafin a haƙa ramin.