Yadda yajin tsire ya canza lissafin shagona a Agege

Sana'ar gyada na gada a wurin mahaifina, kuma ita ce ta zaunar da ni a Agege ta Legas tare da yayana, inda muke sauke buhunan gyada da ake loda mana daga kasuwar Dawanau ta Kano, mu matse mai, mu sayar a jarkoki. Sana'a ce mai rufin asiri, amma duk wanda ke cikinta ya san cewa man da ke shagonka shi ne a shagon maƙwabcinka, don haka mai saye ba ya tambayar komai sai farashi, kuma idan wani ya rage masa ɗan abu kaɗan zai juya maka baya ko da kun shekara goma kuna ciniki. Tunkuzar da ke saura bayan an matse mai kuwa, masu haɗa abincin kaji muke sayar wa a farashin da su suka yanke, domin ba ta jure ajiya kuma sun san haka.

A kan wannan tunkuza tunanin sabon kaya ya fara. Na lura cewa mutanen Legas da ke sayen tsire da yamma, Yarbawa da Inyamurai da sauransu, sukan roƙi mai nama ya ƙara musu yaji a takarda su tafi da shi gida, wasu ma sukan nemi mai yawa idan za su yi tafiya Ingila ko Amurka. Ginshiƙin yajin nan ƙuliƙuli ne, ƙuliƙuli kuma daga tunkuza ake yin sa. Na kuma tuna da madarar Cowbell, wadda ta shigo kasuwar Najeriya a 1993 cikin ƙananan ledoji. Madarar gari ba baƙuwa ba ce a lokacin, amma sanya ta a ƙullin da talaka zai iya saya kullum safe ya buɗe kasuwar da masu gwangwani ba su kai gare ta ba.

Yayana bai gamsu ba da farko. "Kai dai ka riƙe abin da Baba ya bar mana," in ji shi, "kuɗin da za ka ƙona a gwaji buhu nawa ne na gyada?" Na ce masa, "Yaya Alhaji, ba zan taɓa uwar kuɗi ba, kashi ɗaya cikin goma na ribar wata kawai nake roƙo, kuma idan ya ƙare ba a ga komai ba, na haƙura." A kan haka muka daidaita, kuma wannan iyaka da muka sa ita ce ta ba ni damar yin gwaji da kwanciyar hankali.

Aikin da ya fi cin kuɗi da lokaci shi ne yaƙi da danshin Legas. Yajin da za a daka a Kano ya yi watanni a kwalba yana nan garau, idan aka kawo shi nan cikin damina sai ya dunƙule, launinsa ya dushe, sauran man da ke cikin ƙuliƙulin kuma ya canza wari. Na je neman ilimi a cibiyar FIIRO da ke Oshodi, wadda gwamnati ta kafa tun 1956 domin binciken masana'antu, kuma tana horar da masu sarrafa abinci. Abin da na fahimta shi ne dole a rage mai a tunkuzar fiye da yadda aka saba, a busar da barkono da citta da masoro da kanumfari sosai kafin niƙa, a bar garin ya huce sarai kafin a ƙulla, sannan a yi amfani da leda mai rufin alminiyam a ciki wadda iska da haske ba sa ratsa ta. Muka sayi ƙaramin injin liƙe leda, muka jera ƙulli-ƙulli a kan kanta, kowanne da ranar da aka yi shi a rubuce. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in yanka ɗaya, in zazzage a kan farar takarda, in shinshina, in murza da yatsa, in ɗaga takardar in duba ko mai ya yi mata tabo. Haɗin da ya ƙetare damina bai yi tabo ba shi muka riƙe.

Ɗanɗano kuwa ba a shago aka yanke shi ba. Akwai wata dattijuwa Bayarbiya mai sayar da abinci kusa da tashar jirgin ƙasa, wadda ta daɗe tana sayen mai a wurinmu, na kai mata ta gwada a kan soyayyen kifi. Ta lakata ta sa a harshe, ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ƙamshi ya yi, amma wannan barkonon na yara ne." Na ce, "Iya, haka muke cin sa a gida." Ta ce ai ba gida nake sayarwa ba. Daga maganarta muka raba kayan gida biyu, mai zafi da mai sauƙi, kuma har yau mai zafin ne ya fi tafiya.

Bayan haka sai rajista. Mun yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar CAC, muka nemi lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, lambar da ba tare da ita ba manyan kantunan Ikeja da Lekki ba za su ɗora kayan abinci a kantarsu ba. Sharuɗɗan sun tilasta mana ware ɗaki mai tsabta domin niƙa da ƙulli, da kai samfuri ɗakin gwaji. A nan na san haɗarin gubar aflatoksin, wadda ke fitowa daga fumfunar da ke kama gyadar da ba ta bushe da kyau ba. Tun daga lokacin wakilinmu a Dawanau yake tsince gyada kafin a loda, kuma wannan ya gyara man namu ma, ribar da ban sa ta a lissafi ba tun farko.

Babban amfanin da na gani shi ne ikon yanke farashi. Yaji mai suna da lamba a jikin leda ba a auna shi da na kowa kai tsaye, don haka tunkuzar da a da ake saye a wulaƙance ta koma kayan da ribarsa ta fi ta man. Ga shi kuma ba shi da nauyi, kwali ɗaya da yaro zai ɗauka a babur ya kai kuɗin jarkokin da sai an ɗauki hayar mota. Muhimmancin wannan ya fito fili bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar naira a watan Yunin da ya biyo baya, lokacin da kuɗin dako da na komai suka tashi, masu sayen man gyada da yawa kuma suka koma wa mai mafi araha. Cinikin jarka ya ja baya sosai, amma na yaji ya tsaya, musamman da muka fito da ƙaramin ƙulli na girki ɗaya. Da a lokacin ne za mu fara gwaji, da babu rarar da za mu yi shi da ita, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon kayan ya kuma shigar da mu wurin masu otal da masu girkin biki, waɗanda a da ba su san da mu ba, kuma wasu daga cikinsu yanzu har mai suke ɗauka.

Ba kowane gwaji ne ya haifar da ɗa mai ido ba. Mun yi garin kunun gyada na dama-ka-sha, amma masu shan kunun a Zangon Agege da Idi-Araba sun fi son damawa da hannunsu, waɗanda ba Hausawa ba kuma ba su san shi ba balle su nema. Da kason gwajinsa ya ƙare muka dakatar.

Abu biyu ne nake jan hankalin mai niyyar shiga wannan hanya a kansu. Manyan kantuna ba sa biya nan take, sai kaya ya fita ko wa'adi ya cika, saboda haka mai ƙaramin jari ya lissafa kuɗin da zai kwanta a kantar wasu kafin ya yi murnar samun oda. Sannan duk kayan da ya karɓu a Legas za a kwaikwaye shi, kuma ba a daɗe ba muka ga ledoji masu kama da tamu a kasuwar Mile 12 a farashi mai rahusa. Ba mu bi su da ragi ba, mun dai riƙe inganci, muka ci gaba da cire kason nan na goma kowane wata, wanda yanzu Yaya Alhaji da kansa yake warewa kafin a raba riba. Da wannan kaso muke gwada yajin gasa kifi mai ƙarancin ƙuliƙuli da yawan citta, kuma samfuransa suna kan kanta suna jiran damina ta wuce kafin mu yanke shawarar kai shi rajista.