Wasiƙa Daga Jamus: Kafin Kwalejinku Ta Buɗe Cibiyar Ma'auni

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Gaisuwa a taƙaice, don tambayarku ta yi yawa: idan kwaleji ta ƙulla yarjejeniya da wata hukuma don buɗe cibiyar binciken ma'auni, da me ake farawa? Kun kuma tambayi batun kuɗi da horar da ma'aikata, zan zo kansu.

Da ɗaki ake farawa. Duniya ta amince cewa tsawo ana auna shi ne a zafin digiri 20. Ƙarfe yana miƙewa da kimanin maikiromita 11.5 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, saboda haka tubalin awo (guntun ƙarfen da ake gwada tsawo da shi) na milimita 100 da aka auna a digiri 25 ya riga ya ƙaru da kusan maikiromita 6, alhali kuskuren da aka yarje wa mai kyau bai kai maikiromita ɗaya ba. Ɗumin yatsa kawai yana ɓata awo, shi ya sa ake ɗaukar tubalin da safar hannu ko hantsaki, a ajiye shi ya huce. Duwatsun awon nauyi masu daraja ta E2, ɗaya daga manyan darajojin daidaito, kuwa suna son danshin ɗaki tsakanin kashi 40 da 60. Na'urar sanyaya ɗaki da ke mutuwa da dare ba ta da amfani a nan. Teburin sikeli ya zama na dutse, nesa da janareto da ƙofa, don girgiza da iska suna sa lamba ta yi ta rawa.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar nan shi ne takarda. Hukumarsu ta PTB da ke Braunschweig, wadda asalinta ya koma 1887, ita ce ke riƙe da ma'aunin ƙasa. Kowane dutsen awo da ɗakin gwaji ke aiki da shi yana da takardar shaida da ke nuna da wane aka gwada shi, shi ma wancan yana da tasa, har silsilar ta kai ga hukumar. Tun 20 ga Mayu 2019 ma, kilo ya daina dogara da dunƙulen ƙarfen nan da ke ajiye kusa da Paris, ya koma kan ƙa'idar Planck, wani adadi na kimiyyar fiziks da ba ya canzawa. A takardar shaidar dole a ga lambar na'urar, ranar gwaji, zafin ɗaki da iyakar shakkar da ke cikin sakamakon. In babu wannan ta ƙarshe, masu tantancewa a ƙarƙashin ISO/IEC 17025, tsarin duniya na tantance ɗakunan gwaji, ba za su karɓa ba, komai tsadar na'urar.

A nan yarjejeniyoyi da yawa ke tuntuɓe. Abokin hulɗa ya ba da kyautar kaya, a yi bikin buɗewa, bayan shekara ɗaya ko biyu lokacin sake gwaji ya yi, ba a san wanda zai biya jigila da takardun kwastan ba. Don Allah ku sa a rubuce: wa zai sake daidaita ma'aunan, bayan wata nawa, wa ke da alhakin gyara, kuma sau nawa za a aiko muku da abu guda ku auna a kwatanta sakamakonku da na wasu ɗakunan. Ku fara da fanni ɗaya, nauyi ko zafi, ku ƙware a kai tukuna.

Batun horo, aƙalla mutum biyu su iya kowane aiki, kada tafiyar ɗaya ta rufe ɗakin. Na kuɗi kuma sai wasiƙa ta gaba in Allah ya yarda.

Wassalam.